Aikin Sa Kai a Shirin Duba Lafiyar 'Yan Wasa Masu Raunin Fahimta: Asalinsa, Tsarinsa da Sharuɗɗansa

Shirin Healthy Athletes shiri ne na duba lafiya kyauta wanda ƙungiyar wasanni ta Special Olympics ke gudanarwa domin 'yan wasanta, waɗanda dukkansu masu raunin fahimta ne. Ana kafa rumfunan binciken a gefen filin gasa, ko a makaranta, ko a zauren taro, kuma kusan duk masu aiki a cikinsu masu aikin sa kai ne: likitoci, ma'aikatan jinya, ɗaliban fannin lafiya, da sauran jama'a da ba su karanci aikin asibiti ba. Tun daga 1997 da aka ƙaddamar da shirin a hukumance, an yi binciken lafiya fiye da miliyan 2 a ƙasashe sama da 100, abin da ya sa bayanan da aka tara suka zama cikin mafi girma a duniya game da lafiyar wannan rukuni na jama'a.

Su wane ne masu raunin fahimta?

Masana suna cewa mutum yana da raunin fahimta idan abubuwa uku suka haɗu. Na farko, ƙarfin koyo da tunani da warware matsala ya gaza na tsaransa sosai, wanda a gwajin kaifin basira yakan kama daga maki 70 zuwa ƙasa. Na biyu, yana shan wahala wajen hidimomin yau da kullum, kamar sa tufafi, ƙirga kuɗi, ko hulɗa da mutane. Na uku, lamarin ya faro ne tun yana yaro, kafin ya kai munzalin girma. An ƙiyasta cewa kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na al'ummar duniya suna cikin wannan hali.

Sabubban suna da yawa. Akwai na halitta, kamar lalurar Down, wadda ke samuwa idan jariri ya zo da ƙarin ƙwayar gado ta 21, kuma tana cikin lalurorin da Hausawa kan haɗa su kira galahanga. Akwai kuma waɗanda ake iya kaucewa: doguwar naƙuda da ke hana jariri iska, shawarar jarirai mai tsanani da ba a magance ba, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ƙarancin sinadarin aidin a jikin mai ciki, tamowa, da gubar dalma irin wadda ta addabi ƙauyukan masu haƙar zinare a Jihar Zamfara a 2010.

Raunin fahimta daban yake da taɓin hankali. Taɓin hankali ciwo ne da kan iya kama kowa a kowane lokaci, ya kuma yi sauƙi da magani. Raunin fahimta kuwa yanayi ne da mutum ke rayuwa da shi, amma yana koyo, yana sana'a, yana wasa, idan ya samu mai koya masa da haƙuri. Haka kuma Special Olympics daban take da gasar Paralympics, wadda akasarin masu shigarta masu naƙasar gaɓoɓi ne da masu lalurar gani. A Special Olympics ana raba 'yan wasa rukuni-rukuni gwargwadon ƙarfinsu, kuma ana shiga gasa daga shekara 8, yayin da yara 'yan shekara 2 zuwa 7 ke da nasu shirin na share fage.

Yadda shirin ya samo asali

Eunice Kennedy Shriver, 'yar'uwar tsohon shugaban Amurka John F. Kennedy, ita ce ta kafa Special Olympics. Yayarta Rosemary tana da raunin fahimta, kuma a 1962 Eunice ta fara tara yara masu irin wannan lalura a harabar gidanta da ke Jihar Maryland suna wasanni. An yi gasar farko ta ƙasa da ƙasa ranar 20 ga Yuli, 1968, a filin Soldier Field na birnin Shikago, inda 'yan wasa kimanin 1,000 daga Amurka da Kanada suka halarta. Kwamitin Olamfik na Duniya ya amince da ƙungiyar a 1988.

Ɓangaren lafiya ya zo ne daga baya. A gasar duniya ta 1991 a Minneapolis, likitocin ido na Amurka suka fara auna ganin 'yan wasa. A 1993 wani likitan haƙori na Jami'ar Boston, Dakta Steven Perlman, wanda ya yi wa Rosemary aikin haƙori, ya jagoranci binciken baki na farko. A gasar duniya ta 1995 a Jihar Connecticut, masu binciken sun tarar da 'yan wasa da dama cikin ciwon da sai da aka tura su asibiti nan take, alhali an zo da su ne a matsayin masu ƙoshin lafiya, kuma wasu daga ƙasashe masu arziki. Wannan ya sa aka haɗa ayyukan wuri guda a 1997.

A 2001, lokacin gasar hunturu a Alaska, wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ya yi zaman sauraron bahasi kan lamarin, kuma a 2002 babban likitan gwamnatin ƙasar, David Satcher, ya fitar da rahoto kan giɓin da ke tsakanin lafiyar masu raunin fahimta da ta sauran jama'a. Gidauniyar ƙungiyar Lions Clubs International tana tallafa wa ɓangaren ido tun 2001. A 2012 attajirin nan na Amurka Tom Golisano ya ba da dala miliyan 12 domin a faɗaɗa aikin, ya tashi daga binciken rana ɗaya a filin wasa ya koma kulawa ta dindindin a cikin al'umma.

Dalilin da ya sa ake buƙatarsa

Masu raunin fahimta suna mutuwa da wuri fiye da sauran mutane, kuma galibi ba lalurar ce ke kashe su ba. Wani bincike da Jami'ar Bristol ta Ingila ta fitar a 2013, bayan nazarin mutuwar mutum 247, ya gano cewa mazansu kan rasu shekara 13 kafin sauran maza, matansu kuma shekara 20 kafin sauran mata. Kashi 37 cikin 100 na mace-macen sun auku ne ta dalilan da kyakkyawar kulawar asibiti za ta iya magancewa, alhali a sauran jama'a adadin kashi 13 ne.

Alƙaluman da Special Olympics ke bayarwa daga rumfunanta sun nuna inda matsalar take farawa. A cikin kowane 'yan wasa 10, kimanin 4 suna da ruɓaɓɓen haƙori da ba a yi wa magani ba, kimanin 4 suna buƙatar sabon tabarau, kimanin 2 ba a taɓa auna idonsu ba, kimanin 2 kuma ana zaton jinsu ya ragu.

Abubuwa uku ne ke jawo haka. Na ɗaya, da yawansu ba sa iya bayyana inda ke yi musu ciwo. Mai ciwon haƙori sai ya ƙi cin abinci, ko ya riƙa dukan kumatunsa, ko ya zama mai faɗa. Na biyu, ma'aikacin lafiya yakan ɗora kowace alama a kan lalurar da ya riga ya gani, ya ce ai halinsu ne, bai bincika ko akwai ciwon kunne ko na ciki ba. Masana sun ba wannan kuskure suna tun 1982, suna kwatanta shi da inuwar da ke rufe ainihin ciwo. Na uku, makarantun koyon aikin lafiya kaɗan ne ke ba ɗalibai damar duba irin waɗannan marasa lafiya kafin su kammala karatu. Saboda haka shirin yana da manufa biyu: a duba ɗan wasa, a kuma horar da mai dubawa.

Rumfuna takwas da aikin kowacce

Opening Eyes ita ce rumfar ido. Ana auna gani na nesa da na kusa, da bambance launi, da ƙarfin ruwan ido, a kuma duba yanar ido da sauran cututtuka. Da yake 'yan wasa da yawa ba sa karatu, ana amfani da allon alamomi na gida, tuffa, da'ira da murabba'i, wanda likitar ido Lea Hyvärinen 'yar ƙasar Finlan ta ƙirƙiro. Ɗan wasa na iya nuna alamar da yatsa a kan katin da ke hannunsa ko da ba ya magana. Wanda ke buƙatar tabarau ana ba shi kyauta, har da na kariya a wasa da na rana.

Special Smiles ita ce rumfar baki. Ba a cire haƙori, ba a cike kogo. Mai binciken yana sa safar hannu, ya haska tocila, ya duba ruɓewa, kumburin dasashi, karyewar haƙori da alamar ciwo. Daga nan a koya wa ɗan wasa goge baki da buroshi, a ba shi buroshi da man goge baki, mai wasan da ake karo kuma a yi masa robar kare haƙora. Wannan rumfa tana da muhimmanci ga masu farfaɗiya, domin wasu magungunanta, irin su fenitoyin, suna sa dasashi ya yi kauri ya rufe haƙora.

Healthy Hearing ita ce rumfar kunne, wadda masanin ji Dakta Gilbert Herer ya assasa. Ana fara leƙa kunne da na'ura mai fitila, sannan a sa wata na'ura da ke auna amsar can cikin kunne ba tare da ɗan wasa ya ce komai ba. Wanda bai tsallake ba sai a auna motsin dodon kunnensa, a kuma gwada shi da sautuka. Sau da yawa abin da ake samu dattin kunne ne da ya toshe hanya, amma shi kaɗai ya isa ya sa a ɗauki yaro a matsayin mai taurin kai ko wanda ba ya gane magana.

Fit Feet tana duba ƙafa: fata, farce, tafiya, da girman takalmi. 'Yan wasa da yawa suna zuwa da takalmin da ya matse su ko ya yi musu yawa, domin an saya ba a auna ba, su kuma ba su yi ƙorafi ba. FUNfitness ta masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi ce, inda ake auna laushin gaɓoɓi, ƙarfin tsoka, daidaiton tsayuwa da juriyar numfashi, a kuma koya wa ɗan wasa atisayen da zai riƙa yi a gida. Health Promotion tana auna tsawo, nauyi, hawan jini da ƙarfin ƙashi ta dunduniya, tana kuma faɗakarwa kan abinci, shan ruwa, wanke hannu da illar taba. Strong Minds tana koyar da dabarun kwantar da hankali, kamar jan numfashi a tsanake, lokacin fargabar gasa.

MedFest ita ce cikakken gwajin jiki da ake buƙata kafin a ba ɗan wasa izinin shiga wasa. A nan ake sauraron zuciya, abin da ya zama dole ga masu lalurar Down, tun da kusan rabinsu ana haifarsu da matsalar zuciya. Ana kuma neman alamun sakin ƙasusuwa biyu na saman wuya, wanda ke iya danne lakar baya a wasannin da ake tanƙwara wuya, kamar alkafura, tsalle cikin ruwa da sa wa ƙwallo kai.

Wa zai iya shiga?

Masu aikin sa kai kashi uku ne. A sama akwai daraktan bincike, wato ƙwararre mai lasisin aiki a fannin da ya samu horo na musamman daga ƙungiyar. Shi ke nemo ma'aikata, ya tanadi kayan aiki, ya kula da ingancin bincike, ya kuma ƙulla alaƙa da asibitocin da za a tura 'yan wasa. Ana sa ran zai riƙe aikin na wasu shekaru. Sai ƙwararru da ɗalibai, waɗanda ke yin binciken kansa. Ɗalibi ba ya yanke hukunci sai ƙarƙashin mai lasisi. A Najeriya wannan na nufin rajista da hukumar da ke kula da sana'ar mutum, kamar Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori, ko Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma.

Kashi na uku, kuma mafi yawa, su ne waɗanda ba ma'aikatan lafiya ba. Su ke rajista a bakin ƙofa, su raka ɗan wasa daga wannan tebur zuwa wancan, su shigar da bayanai a fom ko a ƙaramar kwamfuta, su raba kyaututtuka, su yi tafinta. Inda likita ke jin Turanci kawai, ɗan wasa da mahaifiyarsa kuma Hausa ko Yarbanci ko Ibo suke ji, tafinta ne ke sa binciken ya yi ma'ana. Waɗanda za su riƙa cuɗanya da 'yan wasa a kai a kai ana tantance tarihinsu, ana kuma ba su horo kan kare 'yan wasa daga cin zarafi.

Ladubban aiki

Ba a duba kowa sai da takardar amincewa, daga ɗan wasa in baligi ne mai ikon sa hannu, ko daga iyaye ko waliyyi. Ko da an sa hannu, ɗan wasa na da 'yancin ƙin kowane gwaji, kuma ba a danne shi ko a tsorata shi.

Ana yi wa ɗan wasa magana kai tsaye, da sunansa, ba a juya ga mai rakiyarsa ana tambaya kamar ba ya wurin. Babba ana girmama shi a matsayin babba: mai shekara 30 Malam ne ko Malama, ba yaro ba. Ana yin tambaya ɗaya a lokaci ɗaya, da gajerun kalmomi, a jira amsa ko da ta ɗauki lokaci. Ana guje wa tambayar da amsarta i ko a'a ce kawai, saboda da yawansu kan ce i don su faranta wa mai tambaya. Gara a ce ya nuna inda ke ciwo. Kafin a taɓa shi, a gaya masa abin da za a yi, a nuna masa na'urar, in ya so ya riƙe ta, sannan a yi. Wanda hayaniya ko haske ke damunsa a kai shi gefe mai shiru.

Ba a keɓewa da ɗan wasa inda ido ba ya gani. Sakamakon bincike sirri ne. Ba a hira da shi, ba a ɗaukar hoto a sa a Facebook ko WhatsApp ba da izini ba. Sunayen raini da aka saba jifan irin waɗannan mutane da su ba su da wuri a rumfar, ko da wasa.

Iyakar shirin

Binciken ba magani ba ne. Abin da rumfa ke yi shi ne gano alama da ba da takardar tura mutum asibiti, tare da bayyana ko lamarin na gaggawa ne. Nan ne kuma shirin ya fi rauni. Takardar kan tsaya a jakar koci ba ta kai ga iyaye ba. Ko ta kai, babu kuɗin mota da na magani. Ko an je asibitin, a samu ma'aikacin da bai san yadda zai yi da mara lafiyar ba. Ɗan wasan da aka gano ruɓaɓɓen haƙorinsa bana, aka sake gano shi baɗi ya ƙara lalacewa, bai amfana da komai ba sai ƙidaya.

Don haka aikin sa kai mafi tsada shi ne na bayan taro: kiran iyaye a waya, bayyana musu abin da takardar ta ƙunsa da harshen da suke ji, nemo asibitin da zai karɓa, da bibiya har a ga an yi magani. Ƙwararren da ya yi aikin rana ɗaya a rumfa, sannan ya buɗe ƙofar asibitinsa ga irin waɗannan marasa lafiya duk shekara, shi ne ribar da shirin ke nema.

Halin da ake ciki a Najeriya

Special Olympics tana da reshe a Najeriya mai hedikwata a Legas, kuma tawagar ƙasar ta halarci gasar duniya ta Abu Dabi a 2019 da ta birnin Balin na Jamus a 2023. Reshen ya gudanar da shirin Skillz for Life tare da ƙungiyar Grassroot Soccer da tallafin ExxonMobil, inda aka yi amfani da ƙwallon ƙafa wajen faɗakar da 'yan wasa kan zazzaɓin cizon sauro da cutar ƙanjamau, tare da yi musu gwaji. Wannan misali ne na yadda ake daidaita shirin da cututtukan da suka fi damun wuri.

Ta fuskar doka, Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Masu Naƙasa a 2010, wadda sashenta na 25 ya wajabta ba su kulawar lafiya daidai da ta kowa. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar haramta nuna wa masu naƙasa wariya ta 2018, wadda ta tanadi samun kulawar lafiya ba tare da bambanci ba, kuma a 2020 aka kafa Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa. Akwai cibiyoyin tarayya da za a iya tura masu matsala mai nauyi, kamar Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, dukkansu a Kaduna, da asibitocin koyarwa na jami'o'i.

Babban cikas shi ne shirin ba ya kaiwa sai ga wanda ya fito fili. A gidaje da yawa har yanzu ana ɓoye yaro mai wannan lalura saboda kunya, ko a danganta halinsa da iskoki ko sammu, ba a sa shi makaranta, balle wasa. Malaman makarantun masu buƙata ta musamman, limamai, fastoci, masu unguwanni da ƙungiyoyin iyaye suna da rawar da likita ba zai iya takawa ba, ta shawo kan iyali su fito da ɗansu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mai sha'awar shiga zai tuntuɓi reshen ƙungiyar na ƙasa, ko ƙungiyar sana'arsa, ko reshen Lions Clubs mafi kusa, ya bayyana fanninsa da harsunan da yake ji da lokacin da zai iya bayarwa. Akan yi taruka na musamman a ranar 21 ga Maris, ranar lalurar Down ta duniya, da 3 ga Disamba, ranar masu naƙasa ta duniya. Gasar duniya ta bazara mai zuwa za a yi ta ne a 2027 a birnin Santiyago na ƙasar Chile, kuma kowane ɗan wasan da zai wakilci Najeriya sai ya fara tsallake gwajin lafiya a gida.